Shekarar da Na Ce Ban Sani Ba

Kun girma kuna jin ana cewa ni na hana Inna mutuwa da kwanciyar rai. Babu wanda ya taɓa faɗa a gabana, amma ina da kunne, kuma na ga yadda hira take tsayawa idan na shigo tsakar gida. Na yi shiru shekaru saboda ba na son surutu. Yanzu ƙarfi ya fara raguwa, shi ya sa na ce bari in rubuta da ɗan bokon da na tsinta a ajin manya, ku 'ya'yana da 'ya'yan ɗan'uwana ku ji daga bakina. Wanda ya gama karantawa yana ganin laifina, ya ci gaba da gani. Ni dai na sauke.

Ni ne Hassan, ɗan'uwana Usaini, ciki ɗaya rana ɗaya. Inna ba ta kiran sunanmu, ni Babba take ce min, shi Ƙarami. A Kudan muka tashi, lokacin da mutane suke tsoron 'yan biyu da gaske. Ba a dukanmu, wai za mu turo wa mutum kunama. Idan akuya ta ɓace, mata sukan zo su tambaye mu inda ta nufa. Samari kuma a bakin kasuwa sukan raba mu, a kai ni bayan masallaci, a bar Usaini gindin durumi, a yi mana tambaya iri ɗaya. Wane launi ne a ranka? In ce ja, shi ma ya ce ja. Wace dabba? Jaki, jaki. Sai a yi ta salati ana ba mu rake. Abin da ba su sani ba, tun a hanya muke haɗa baki. In an ce launi, ja. In an ce dabba, jaki. Ranar da wani ya kawo tambayar da ba mu shirya mata ba, kowa sai ya faɗi nasa daban, amma irin wannan rana babu mai tuna ta. Inna kam ta yarda da mu har cikin ƙashinta. Ba ta taɓa ba wa ɗayanmu abu ta bar ɗayan ba. Har muka yi gemu muka tara iyali, kowace Juma'a bayan masallaci muna zuwa gaishe ta, ta ɗauko goro guda ta ɓare shi biyu, ta miƙa min ɓari, ta miƙa masa ɓari.

Shekarar da tsutsa ta cinye mana tumatir, har ganyen ya koma kamar an babbake shi, Usaini ya kasa zama. Ya ji ana haƙar zinariya can arewa da Agadas, wasu 'yan Hunkuyi sun je sun dawo da babura. Na ce masa kada ya tafi. Ya ce ni dama tun muna yara matsoraci ne. Ya tafi. Da farko yana kira a waya, murya tana yankewa, yana dariya yana cewa ruwa ya fi nama tsada. Daga baya kira ya tsaya. Muka kira har muka gaji. Bayan Babbar Sallah wani mutumin Makarfi ya dawo daga can ya ce rami ya rufta da mutane, ya kuma ji an ce akwai ɗan Kudan a ciki. Ba a jima ba wani ya dawo ya ce a'a, sojojin wata ƙasa ne suka kwashe mutane a mota, ya ga mai kama da ni a cikinsu. Na farkon bai ga gawa ba, na biyun bai ga fuska sosai ba.

Daga nan gida ya rabu. Dangin matar Usaini suka fara zuwa suna cewa a yi haƙuri a yi sadaka, 'yarsu ta shiga takaba, ba za ta zauna haka ba, ba matar aure ba, ba bazawara ba. Lawal kuwa, babban ɗan Usaini, wanda ya yi aure a shekarar matarsa tana da ciki, ya ɗaure kayansa a jaka ya ce zai bi sawun ubansa cikin sahara. Abu ɗaya ya tsayar da shi, ba zai tafi ba sai kakarsa ta sa masa albarka. Inna kuma ta ce ba ita za ta yanke ba, akwai wanda ya sani. Duk ido ya dawo kaina. A lokacin kuwa wani ciwo ya kama ni a ƙahon zuci, yana tasowa kamar an ɗora min garwashi. Inna ta ce wannan ciwon Ƙarami ne nake ji, kuma matacce ba ya ciwo. Dangin matarsa suka ce a'a, rabin jikina ne ya fita. Ciwo ɗaya, kowa ya karanta shi yadda yake so.

Wata Juma'a ta ba ni ɓarina na goro, ta ajiye na Usaini a ƙaramar ƙwarya kamar yadda take yi tun tafiyarsa, ta ce:

"Babba, na gaji da kallon jakar yaron nan a bakin ƙofa. Juma'a mai zuwa za ka faɗa min a gaban kowa. In yana raye, Lawal ya tafi ya nemo shi. In ya riga mu, a yi masa addu'a."

Na ce, "Inna, ni ba boka ba ne."

Ta ce, "Ban ce kai boka ba ne. Na ce ni na ɗauke ku a ciki ɗaya."

Cikin makon nan ban iya aikin kirki ba. In na ce yana raye, na tura Lawal hanyar da take cin mutanen da suka fi shi wayo, mace da ciki tana jiransa. In na ce ya mutu, na binne ɗan'uwana da bakina. Ina cikin haka na tuna da wata magana da na ji Zulai tana yi. Zulai 'yata ce ta biyu, kun san ta, a lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a a Zariya, tana karatun da suke kira fiziks, an yi yajin aiki ta dawo gida. Na taɓa wucewa na ji tana faɗa wa wata a waya cewa aikin da take rubutawa a kan tagwayen haske ne, waɗanda ko an raba su suna tare. Ranar ban kula ba. Yanzu kuwa maganar ta dawo min da ƙarfi. Na same ta da hantsi a zaure ta baza littattafai a tabarma. Na zauna, abin da ban saba ba, har ta tsorata ta gyara mayafi.

Na ce, "Ke, tagwayen nan naki na haske. Gaskiya ne ko tatsuniyar Turawa?"

Ta ce, "Gaskiya ne, Baba. An gwada, an sake gwadawa a ƙasashe daban-daban."

Na ce, "To faɗa min yadda zan gane. Kada ki sa min Turanci."

Ta ce in ba ta goro. Na zaro guda daga aljihu, ta ɓare shi, ta dunƙule ɓari a kowane hannu. Ta ce idan ta aika ɗaya Ikara ɗaya Makarfi a naɗe, mutumin Ikara ya buɗe ya ga fari, ai ya san na Makarfi ma fari ne. Na ce wannan ko yaro ya sani, tun daga farko goron fari ne. Ta ce to haka manyan masana da yawa suka ɗauka game da haske. Akwai na'urar da take fitar da ƙwayoyin haske biyu tare, ƙanana da ido ba ya gani, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Idan aka auna su a can nesa, sai a ga amsarsu tana dacewa. Sai waɗancan masana suka ce ba abin mamaki ba ne, kowace ta tafi da amsarta a naɗe tun daga gida, kamar goron nan, kuma abin da aka yi wa ta gabas ba shi da hanyar taɓa ta yamma nan take. Wasu suka ce a'a, babu amsa a naɗe, sai lokacin da aka auna take samuwa. Aka daɗe ana gardama, har wani ya gano yadda za a raba gardamar da gwaji.

Na ce, "Wato ana so a gane ko sun haɗa baki."

Ta dube ni ta yi dariya. "Wallahi Baba, kalmar da nake nema ke nan tun jiya."

Sai na ba ta labarin durumi da bayan masallaci, ja da jaki. Ba ta taɓa ji ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe kunamar ma ta ƙarya ce. Na ce ta bar maganar kunama ta ci gaba. Ta ce ai mu muka riga muka yi mata rabin bayanin. Masu haɗa baki suna da iyaka. Idan masu tambaya suna da tambayoyi iri-iri, kowa yana zaɓar tasa ba tare da ɗayan ya sani ba, to komai wayon shirin da aka yi a hanya, akwai adadin dacewar da ba za a wuce ba, kuma ana iya lissafa shi. Tambayar da ake yi wa ƙwayar haske ita ce a tare ta da wani irin gilashi, ko ta wuce ko ta ƙi wucewa, kuma yadda aka karkata gilashin shi ne canjin tambaya. Don kada a ce an yi raɗa, sai aka nisanta wuraren biyu, aka bar na'ura tana zaɓar karkatar bayan ƙwayoyin sun riga sun rabu suna kan hanya, cikin saurin da ko haske ba zai iya kai labari daga wannan gefe zuwa wancan ba. Aka yi ta maimaitawa ba iyaka, sannan aka ƙirga.

Na ce, "Aka samu me?"

Ta ce, "Sun wuce iyakar, Baba. Dacewarsu ta fi ƙarfin haɗa baki. Maganar goro a naɗe ta faɗi."

Na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Na ce shi ke nan, ashe Inna ce da gaskiya, abin da aka halitta tare yana tare ko an raba shi, to ciwon da nake ji na Usaini ne, in saurare shi kawai in faɗa. Na miƙe zan fita. Ta kama bakin rigata, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, don Allah zauna. Ban gama ba, kuma sauran ba zai yi maka daɗi ba."

Na zauna.

Ta ce, "Na farko, wannan a ƙwayoyin haske ne da makamantansu, a cikin na'urar da aka killace, abu kaɗan ya taɓa su haɗin ya lalace. Mutum ba haka yake ba. Na biyu, ko su ɗin ma, wanda yake tsaye a gefe ɗaya ba ya sanin komai game da ɗaya gefen. Abin da yake gani, ta wuce, ba ta wuce ba, ta wuce, ba tsari, kamar ana jefa kwabo. Ko an auna ta can, ko ba a auna ba, ko na'urar can ta lalace, nasa gefen ba ya canzawa. Sai an kawo sakamakon gabas da na yamma an jera su wuri ɗaya, sannan ake ganin dacewar. Ba a aika saƙo da shi."

Na ce, "To mene ne amfaninsa, in ba zai gaya wa mutum ɗan'uwansa yana raye ba?"

Ta sunkuyar da kai tana juya ɓarin goron, sannan ta ce a hankali, "Baba, ciwon nan, me yake ce maka? Baba Ƙarami yana raye ko ya rasu?"

Na so in daka mata tsawa. Amma gaskiya ta riga ta fito. Na ce, "Da safe yakan ce yana raye. In la'asar ta yi ya ce ya mutu."

Ta ce, "To ka ga gefe ɗaya ke nan."

Na tashi na fita. Na ji haushinta kwana da kwanaki, don ta ɗora ni sama ta sake ni.

Juma'a ta zo. Bayan masallaci aka taru a ƙofar ɗakin Inna. Ƙannenmu suna nan, matar Usaini tana daga ciki bayan labule, yayanta yana zaune a kujera ya harɗe ƙafa, Lawal yana tsugune jakarsa a gefe, har ya yi magana da direban da zai kai shi Kano. Inna ta fito da goro a hannu. Ta dubi Lawal ta ce masa, "Maigida, ka ɗaure kaya za ka gudu ka bar ni ko?" Ba wanda ya yi dariya. Ta ɓare goron, ta riƙe ɓari biyun, ta ce:

"Babba, muna jin ka."

Na ce, "Inna, ban sani ba."

Ta ce, "Ban ji ba."

Na ce, "Ban sani ba. Ba na jin sa. Ban taɓa jin sa ba, ko muna yara. Abin da muke yi a kasuwa haɗa baki ne. Ciwon nan ban san na mene ne ba. In na ce yana raye ƙarya na yi, in na ce ya mutu ƙarya na yi."

Yayan matar Usaini ya ce, "Malam Hassan, to mu mu yi yaya da 'yarmu?"

Na ce, "Ku je wurin alƙali, shi ya san hukuncin wanda ya ɓace. Ni ban sani ba."

Lawal ya miƙe idonsa jawur. "Baba, kalma ɗaya ce fa. Ka ce yana raye in tafi. In ban same shi ba, ba laifinka."

Na ce, "In ba ka dawo ba fa, laifin wa? Ba zan tura ka sahara da ciwon cikina ba."

Ya ce, "Da kai ne ka ɓace, da babana ya faɗa."

Na ce, "Da ya faɗa. Shi ya sa yake can ni nake nan."

Wannan maganar ba ta yi daɗi ba, na sani tun tana fita. Inna ta dube ni ta daɗe. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta juya ta shiga ɗaki da goron a hannunta, ba ta miƙa min nawa ba. Tun da na yi wayo, ranar ce ta farko.

Amsar nan ta ɗaure kowa. Inna ba za ta sa wa jikanta albarka a kan ban sani ba, don haka Lawal bai tafi ba. Ba kuma za ta yarda a yi sadaka ba, don haka ba a yi takaba ba. Kowa ya zauna da abinsa a wuya, kowa yana ganin ni na rataya masa. Lawal ya daina gaishe ni sai a gaban mutane. Ni kuwa ban fasa zuwa kowace Juma'a ba. In durƙusa in gaishe ta, ta amsa a taƙaice, in ga ta ɓare goro ta juya baya, in tashi hannu wayam. Damina ta shigo ta kwanta ciwo. Ranar da jikin ya tsananta, da rana tsaka, ta sa aka kira ni, ta kama hannuna ta ce:

"Babba, ko yanzu?"

Na san abin da take so. Lawal yana tsaye a bakin ƙofa yana ji, jakar nan kuma bai taɓa kwance ta ba. Na ce, "Inna, ina roƙon Allah ya sa yana raye. Amma ban sani ba." Ta saki hannuna ta juya ta fuskanci bango. Washegari ta rasu. Wannan shi ne abin da kuka ji ana faɗa, kuma haka aka yi.

Bayan an yi girbi, wata rana ina sheƙar masara a ƙofar gida, ɗan acaɓa ya sauke wani tsoho da sanda. Sai da ya yi magana na gane Usaini ne. Duka labaran biyu ashe gaskiya ne. Ramin ya rufta ya karya masa ƙafa, yana jinya sojoji suka kwashe su, aka tsare su a wata ƙasa, daga baya aka zubar da su a bakin iyaka. Da aka gama koke-koke aka kai shi kabarin Inna, muka dawo muka zauna a zaure mu biyu. Zulai ta kawo ruwa ta tsaya daga gefe. Na ce mata ta zauna, yau za a jera gabas da yamma.

Na ce, "Yaushe ramin ya faɗa maka?"

Ya ce, "Washegarin Babbar Sallah, da hantsi. Na kira sunanka har muryata ta dushe. Kana ina?"

Na ce, "Ina nan ina cin soyayyen nama. Har na yi barci a wannan tabarmar."

Ya ce, "Ɗan banza." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na tambaye shi halin da yake ciki a lokacin da ciwona ya fi tsanani, ya ce a lokacin ƙafa ta yi sauƙi, har yana koya wa wasu Buzaye dara. Ciwon kuwa daga baya likita ya ce gyambon ciki ne. Babu abin da ya dace, ko ɗaya. Sai Usaini ya daina dariya ya ce ya ji abin da na gaya wa Inna. Na ce haka ne. Ya dubi tsakar gida, inda Lawal yake tsaye da jaririyarsa a kafaɗa. Ya ce hanyar da yaron zai bi, shi ya biyo ta a dawowa, ya ga motar da ta lalace da mutanenta a kwance a inuwarta, babu mai motsi.

Ya ce, "Da ka ce ina raye, da ka faɗi daidai. Da kuma yanzu ni ake tambaya ko Lawal yana raye."

Bai ce na kyauta ba, ban kuma tambaye shi ba. Da yamma ƙanwarmu Gambo ta fito da ƙaramar ƙwaryar nan daga kayan Inna, ta ce wannan na Ƙarami ne, tun tafiyarsa ake tara masa. Usaini ya buɗe, ya zube a tabarma. Busasshen goro ne, ya yi baƙi ya ƙanƙance. Na ƙasa ɓari ɗai-ɗai ne, nasa. Na sama kuwa, tun daga waccan Juma'ar, bibbiyu ne, kowane ɓari an mayar da shi jikin ɗan'uwansa an ɗaure da zare. Duk watannin nan ina ɗauka zubar da nawa take yi.

Usaini ya ɗauki ɗaya ya tsinke zaren, ya miƙo min ɓari. Ya yi tauri kamar tsakuwa, haƙorana ma ba su da ƙarfi yanzu. Na ci.